Kwas ɗin bin kuɗin asibiti a wurin inshora: a biya ko a dakata?

*Anti, na ga talla a WhatsApp: kwas na mako shida a kan naira 250,000, za a koya mini aikin cike takardun da asibitocin Amurka ke aika wa kamfanonin inshora don a biya su. Wai ina ɗakina za a riƙa biyana da dala. Kuɗin adashina zan zuba. In biya? Matar aure daga Zariya.*

Ƙanwata, ƙulle kuɗinki a bakin zani tukuna. Aikin dai na gaskiya ne. A Amurka yawancin marasa lafiya ba sa biyan asibiti kai tsaye. Inshora ce ke biya, ko shirin gwamnati na Medicare da Medicaid. Kowace cuta da lambarta a kundin ICD-10-CM, kowane aikin likita da tasa a kundin CPT, kuma lamba ɗaya in ta kauce sai a dawo da takarda ba a biya ba. Shi ya sa suke ɗaukar masu sa lambobin da bin sawun kuɗin. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar ta sa matsakaicin albashin ma'aikatan bayanan asibiti a dala 48,780 a shekara a 2023, ta kuma yi hasashen guraben za su ƙaru da kashi 9 cikin ɗari zuwa 2033.

To amma wannan albashi na mazauna can ne, masu izinin aiki, masu biyan hayar can. Abin da masu talla ke ɓoyewa ke nan, kuma abin na ci mini rai. Bayanan marar lafiya a Amurka suna ƙarƙashin dokar HIPAA ta 1996, mai kare sirrinsu. Babu asibitin da zai miƙa su ga baƙuwar da ke aiki da wayar hannu don kawai ta yi kwas na mako shida. Aikin da suke fitarwa waje, manyan kamfanoni a Indiya da Filifin ke kwasar mafi yawansa, kuma albashin ƙasarsu suke biya.

Sai batun takarda. Masu ɗaukar aiki shaidar AAPC ko AHIMA, ƙungiyoyin ƙwararrun wannan fanni a Amurka, suka sani. Jarrabawar CPC ta AAPC, wato ta zama ƙwararren mai sa lambobi, tambaya 100 ce cikin awa huɗu, sai da kashi 70 ake ci, kuma ko kin ci, a matsayin 'yar koyo za a rubuta ki har ki tara gogewa. Takardar da wani ya buga da tambarin ruwan zinari a shagon kwamfuta ba ta da maraba da jabun magani: kwali mai kyau, ciki alli. Ki ce wa mai kwas ɗin ya haɗa ki da mutum biyu da suka gama suka samu aiki, ki ji daga bakinsu. In ya hau cewa gurbi uku ya rage, ki biya kafin magariba, kin samu amsarki. Kuɗin da kika yi wata goma kina zubi ba na gwaji ba ne.

*Wani na sayar da littattafan lambobin na 2019 da araha. In saya?*

A'a. Duk shekara ake sabunta su, na cututtuka ma kowane 1 ga Oktoba. Araha ba ta ado.

*Akwai inda zan sayi shaidar ba tare da na zauna jarrabawa ba?*

Ba a wannan shafi ba. Ana duba sahihancinta ta intanet, kuma ƙarya fure take ba ta 'ya'ya.

*Anti, na gama karatun adana bayanan lafiya, shekara biyu ba aiki. Yanzu kuma ana cewa ƙirƙirarriyar basira za ta cinye aikin. Na karaya. Ɗalibi daga Kano.*

Ɗana, kar ka karaya, ba ka yi asarar karatu ba. Na'ura na iya sa lambobi masu sauƙi, amma takardar da aka ƙi biya har yanzu mutum ne ke zama ya gano dalili, ya kira, ya gyara. Kuma ka dubi gida. A Mayun 2022 aka sa hannu a dokar kafa NHIA, hukumar inshorar lafiya ta Najeriya, dokar da ta soke tsohon shirin NHIS ta kuma wajabta inshorar lafiya. A jiharku ga KSCHMA, hukumar inshorar lafiya ta Kano. Duk asibitin da ke karɓar masu inshora yana da teburin da ake neman lambar izini kafin a yi babban aiki, a tara takardu ƙarshen wata a tura. Na taɓa ganin tarin fayil an dawo da shi saboda likita bai sa hannu a shafi ɗaya ba, kuɗin wata guda ya maƙale. Albashin farko ba zai burge ka ba, gara ka sani tun yanzu. Ka ƙware a manhajar lissafi ta Excel, ka je asibiti mai zaman kansa mafi kusa ka roƙi a ba ka wata uku a wannan tebur, ko da kuɗin mota kawai za su ba ka.