Jininmu daya da wana amma an ce HLA dinmu bai dace ba, wai har biri zai iya fi ni dacewa?

Tambaya daga Garwa: Salam Likita. Wana ne ke fama da ciwon koda, ana masa wankin jini, sai aka fara maganar dashe. Uwa daya uba daya muke, jininmu duka O, amma da aka yi wani gwaji wai shi HLA sai aka ce rabi kawai muka dace. Wani dalibi a unguwarmu ya ce wai akwai birin da HLA dinsa ya fi kusa da na mutum fiye da na dan uwansa. Gaskiya ne ko zolaya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba shi lafiya. Da farko ka kwantar da hankalinka, rabin nan ba rufe kofa ba ne, a dashen koda ana yi da rabi kullum kuma yana kyau, saboda akwai magungunan da ke lallashin garkuwar jiki. Abin da likitocinsa za su fi dubawa shi ne a hada jininka da nasa a ga ko jikinsa ya riga ya tanadi makaman yakar naka, wanda yakan faru ga wanda aka sha yi wa karin jini.

Rukunin jini daban, HLA daban. Shi O din nan a jikin jajayen kwayoyin jini yake. HLA kuwa wasu 'yan sunadarai ne da ke saman kusan kowace kwayar jikinka, kamar farantin mai talla, kwayar takan yanko guntun abin da ke cikinta ta dora a kai ta mika waje, sai fararen kwayoyin jini da ake kira T su zo suna dubawa kamar jandarmomi a hanyar Garwa zuwa Marwa. In guntun na gida ne su wuce, in na kwayar cuta ne su kashe kwayar jikin gaba daya. To kodar wani in ta shigo, farantin ne kansa bako a wurinsu. Wani likitan Faransa Jean Dausset ne ya fara gano su a 1958, har ya samu kyautar Nobel a 1980.

Gadonsu kuma a dunkule ake yi, suna jere a kan kuromozom na 6 (kuromozom su ne zaren da ke dauke da kwayoyin gado), babanku na da kulli biyu, mamarku biyu, kowane da ya dauki daya nan daya can. Shi ya sa 'yan uwa ciki daya damar dacewa duka 1 cikin 4 ce, rabi 2 cikin 4, ba komai 1 cikin 4. Kai ka fada inda aka fi fadawa ne. 'Yan uba kuwa yawanci rabi ne iyakarsu, sai dai in auren zumunci ya hada iyayen.

Yanzu maganar biri, dalibin nan bai yi karya ba amma ya kara gishiri. Ire-iren HLA da aka rubuta a duniya sun haura 30,000, babu wani wuri a kwayoyin gadon mutum da ke da bambanci haka, kuma dalilin cuta ce. Kowane faranti akwai irin guntun da yake iya rikewa, in da duk gari faranti daya ne, cutar da ta iya boye masa ta gama da kowa. A 1991 an nuna a Gambiya cewa yara masu HLA-B53 ba su cika shiga zazzabin sauro mai tsanani ba, wani binciken kuma ya nuna masu HLA-B57 kanjamau na jinkirin kayar da su. Saboda wanda ke da irin da ba kowa ke da shi ba yakan tsira lokacin annoba, sai tsofaffin ire-iren suka ki bacewa, suka dade kwarai, wasu zuriyarsu ta girmi lokacin da masana ke cewa layin mutum ya rabu da na birin shimfanzi, wajen shekara miliyan 6 zuwa 7. Wannan lokacin ne fa na kwanyar kan wata dadaddiyar halitta mai kama da mutum, da aka sa wa suna Tumai, da aka tono a hamadar Jurab ta Cadi a 2001, nan makwabta. Don haka in ka dauki wuri guda a jerin HLA, misali wanda ake kira DRB1, zai yiwu irin da ka gada ya fi kama da wani iri na shimfanzi fiye da irin da wanka ya gada. Wuri guda fa na ce, kuma kama ce, ba daidai wa daida ba. Ni abin da awo ya nuna nake fada, kuma ko masanan ba su ce birin da kake gani a daji shi ne kakanka ba, cewa suka yi tushe daya aka rabu.

A sauran jiki kuwa wanka ya fi kowane biri kusa da kai nesa ba kusa ba, ko kuromozom ma namu 46 na shimfanzi 48. An ma taba gwadawa, a 1963 zuwa 1964 wani likita a Amurka, Keith Reemtsma, ya dasa wa marasa lafiya kodar shimfanzi, yawancinsu ba su wuce makonni ba, mace daya ce ta kai wata 9. Ga kuma hadarin cuta, don kwayar da ta zama kanjamau daga shimfanzin dajin kudu maso gabashin Kamarun nan tamu aka bi sawunta.

In kuna da sauran 'yan uwa ciki daya a gwada su duka, kila a dace da mai cikakke. In babu, kai ma a duba hawan jini, suga da lafiyar kodarka biyu kafin a ce ka bayar.