Ku Tambaya Mu Amsa: Wurin Ajiye Mota, Lambun Unguwa da Tsaron Jama'a

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, dukansu a kan shawarwarin da majalisun birane ke yankewa game da filin da yake na kowa da kowa. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Majalisar birninmu ta ce za ta fara karɓar kuɗi daga duk wanda ya ajiye mota a gefen titin da shagona yake. Titin nan da harajinmu aka shimfiɗa shi, to ashe ba zalunci ba ne a sa mutum ya biya sau biyu? Ina kuma tsoron masu sayayya su ƙaurace mana. Daga Alhaji S., ɗan kasuwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka shiga sahun masu kai koke, ka yi wani ɗan aiki da ba zai ci maka ko sisi ba. Gobe da safe, da ka buɗe shago, ka rubuta lambobin motocin da ke jere a gabanka, ka sake duba su da azahar, sannan da la'asar. A yawancin titunan kasuwanci da ake ajiye mota kyauta, motocin da mutum ya gani da safe su ne zai tarar da yamma, kuma na masu shagunan ne da ma'aikatan ofisoshin da ke kusa. Mai sayayyar da kake tsoron rasawa ya riga ya zo, ya zagaya sau biyu bai sami inda zai tsaya ba, ya wuce abinsa ba tare da ka ma san ya zo ba. Gurbin mota ɗaya ɗan ƙaramin fili ne, amma ko dai mutum ɗaya ya kwantar da motarsa a ciki wuni guda, ko kuma mutum goma su yi amfani da shi ɗaya bayan ɗaya.

Wannan matsala ce ta haifar da na'urar karɓar kuɗin fakin tun farko. An kafa ta farko a birnin Oklahoma na Amurka a watan Yulin 1935, kuma Carl Magee, wanda ya ƙirƙiro ta, ya yi hakan ne domin 'yan kasuwar tsakiyar birnin suna kuka da ma'aikatan da ke mamaye gefen titi tun safe. Daga baya Farfesa Donald Shoup na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, a littafin da ya fitar a 2005, ya kawo ma'aunin da birane da dama ke bi yanzu: a sa farashi mafi ƙanƙanta da zai bar kusan kashi 15 cikin 100 na gurabe a buɗe, wato gurbi ɗaya ko biyu a kowane layi. Birnin San Francisco ya gwada haka daga 2011, yana duba cikar tituna lokaci zuwa lokaci, farashi ya hau a wasu wurare, ya sauka a wasu. Idan titi ya zama wayam bayan an sa kuɗi, farashin ya yi yawa ke nan, kuma a nan kana da hujjar yin magana.

Batun biya sau biyu kuwa, ban yarda da kai ba. Harajin da aka yi titin da shi har da na wanda ba shi da ko keke, shi kuwa ba a ba shi izinin kafa rumfa a kan kwalta wuni guda kyauta ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Gurbin da kake gani kyauta wani ne ke biyansa, ko da lokacinsa, ko da hayaƙin da yake shaƙa daga motocin da ke zagaye.

Inda ya kamata ka tsaya kai da fata shi ne inda kuɗin za su tafi. A tsohuwar unguwar kasuwanci ta birnin Pasadena da ke jihar Kalifoniya, 'yan kasuwa sun ƙi na'urorin har sai da hukuma ta amince a 1993 cewa kuɗin da aka tara za a kashe su a unguwar, wajen gyara hanyar masu tafiya a ƙasa, da fitilu, da shara. Hukumar birnin Shikago na Amurka kuwa a 2008 ta ba wani kamfani hayar na'urorinta na shekara 75 a kan kusan dala biliyan 1.15, ta kashe mafi yawan kuɗin cikin 'yan shekaru, kamar manomin da ya cinye irinsa da rani, kuma har yanzu idan ta rufe titi ko ta cire gurabe sai ta biya kamfanin diyya. Saboda haka ku haɗa kai ku tambayi majalisa a rubuce: wa zai riƙa karɓa, za a ba da rasit, asusun wa kuɗin za su shiga, kuma an ware wurin sauke kaya da gurbin masu buƙata ta musamman?

TAMBAYA: Malam, akwai ɗan lambun shaƙatawa a unguwarmu wanda ya lalace. Fitilunsa sun mutu, ciyawa ta rufe shi, 'yan shaye-shaye sun mai da shi gida, har na hana yarana zuwa. Yanzu hukuma ta ce za ta sare itatuwan ta zuba kwalta ya zama wurin ajiye motoci, wai don tsaro. Zuciyata ta karkata ga amincewa. Me kake gani? Daga Hajiya R., uwar yara huɗu.

AMSA: Hajiya, tsoronki na gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce ki tura yara wurin da yake haka. Amma ki sawwala wannan fili da ƙarfe goman dare bayan an zuba kwaltar: motoci sun watse, sai 'yan ƙalilan da ke ba da inuwar laɓewa, babu mai dalilin zama, babu mai dalilin wucewa. Masu shaye-shaye ba itatuwa suka biyo ba, sun biyo wurin da babu idon jama'a ne, kuma farfajiyar motoci da dare ta fi lambu zama kufai. Ina jin tsoron a gudu ba a tsira ba.

An taɓa yin irin wannan a New York. Lambun Bryant, wanda ke bayan babban ɗakin karatu na birnin, ya zama kasuwar masu sayar da ƙwaya a shekarun 1970. Wani mai nazarin zaman birane, William Whyte, ya lura cewa lambun yana kan tudu, shinge da dogayen shuke-shuke sun kange shi, ta yadda mai tafiya a titi ba ya ganin abin da ake yi a ciki. Aka rufe shi, aka rage shingen, aka ƙara ƙofofi, aka sa fitilu da rumfunan masu sayar da abin taɓawa, aka gyara makewayi, aka zuba kujerun da mutum zai iya ja ya ajiye inda yake so. Da aka sake buɗe shi a 1992, jama'a suka cika shi, masu ƙwaya suka rasa wurin tsayawa.

Kada ki ce ai wannan aikin masu kuɗi ne. A birnin Filadelfiya na Amurka an ɗauki filaye 541 da aka yasar aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu aka kwashe shararsu, aka shuka ciyawa da 'yan itatuwa, aka kewaye su da gajeren shingen katako, ana kuma zuwa ana gyara su a kai a kai, wasu aka bar su yadda suke. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna harbe-harben bindiga sun ragu da kusan kashi 29 cikin 100 kewaye da filayen da aka gyara a unguwannin talakawa. Wani gwajin da aka yi a 2016 a rukunin gidajen gwamnati na New York, inda aka ƙara fitilu masu haske, ya nuna manyan laifukan da ake yi a waje da dare sun ragu da kusan kashi 36 cikin 100.

Sannan ki dubi abin da za a samu a madadin lambun. Idan aka haɗa da hanyar shiga da juyawa, kowace mota tana cin murabba'in mita 25 zuwa 30, don haka filin da ya kai murabba'in mita 1,500 ba zai ɗauki fiye da mota 50 zuwa 60 ba. Saboda waɗannan za a sare itatuwan da suka ɗauki shekara ashirin ko talatin kafin su yi inuwa, ruwan saman da ƙasa ke shanyewa zai koma magudanar da wataƙila ta riga ta cika, kwalta kuma za ta riƙa mayar wa gidajen kusa da zafin rana har cikin dare.

Abin da ya kashe lambun naku, a ganina, rashin kula ne, kuma yana da tushe a yadda ake tsara kasafi. Kuɗin manyan ayyuka daban, kuɗin ayyukan yau da kullum daban. Na farko yana zuwa da kwangila da allon sanarwa da bikin buɗewa, na biyu kuwa albashin mai yankan ciyawa ne da kuɗin sauya ƙwan fitila, abin da babu mai ɗaukar hotonsa, shi ya sa shi ake fara zaftarewa. Hukumar da ta kasa sauya ƙwan fitila a lambu ba na jin za ta iya sauya shi a wurin motoci. Ku je zaman jin ra'ayin jama'a ku nemi a ba lambun damina ɗaya da rani ɗaya na gwaji: a sassabe duk shukar da ta wuce ƙugu, a rage rassan ƙasa, a gyara fitilu, a buɗe ƙofa ta biyu don ya zama hanyar wucewa, a naɗa mai kula wanda kowa ya san fuskarsa.

TAMBAYA: An hana mu tsayawa kusa da mahaɗar hanyar layinmu, har an kakkafa turaku, alhali ba a taɓa yin haɗari a wurin ba. Wannan ba neman tara ba ne kawai? Daga wani direba.

AMSA: Malam direba, ka je wurin ka tsuguna a bayan motar da aka ajiye a kan kwana, kanka ya yi daidai da tsayin yaro ɗan shekara shida, ka ga ko za ka hango motar da ke tahowa. Ba za ka gan ta ba, mai tuƙa ta ma ba zai gan ka ba. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, kuma direba yakan ɗauki daƙiƙa guda ko fiye kafin ƙafarsa ta kai ga birki. Dokar jihar New Jersey ta Amurka ta hana ajiye mota cikin ƙafa 25 daga wurin tsallaka titi, kuma birnin Hoboken da ke jihar, wanda ya tabbatar da dokar ta hanyar kafa irin turakun da kake kuka da su, tare da rage gudu da wasu gyare-gyare, ya shafe fiye da shekara bakwai daga Janairun 2017 ba a rasa rai ko ɗaya a titunansa ba. Turakun ma shaida ce cewa ba tara ake nema ba, domin inda aka kafa su babu wanda zai iya tsayawa balle a ci shi tara. Akwai kuma motar kashe gobara, wadda tsawonta ba ya barinta ta sha kwana idan an toshe bakin layi.