Giya Nawa Motar Tsere Mai Lantarki Ke Buƙata?

Tambaya: Malam, ni da abokan karatuna muna haɗa ƙaramar motar tsere mai aiki da batir. Injinmu na juyawa har sau 12,000 a minti. Mu sa mata giyabos mai giya da yawa, ko giya ɗaya ta isa?

Amsa: Madalla da wannan aiki, ɗan'uwa. Ni dai giya ɗaya zan ba ku shawara. Injin fetur sai ya ɗauki zafin juyi kafin ƙarfinsa ya fito, shi ya sa ake ta canza masa giya. Na lantarki kuwa tun daga tashi yake sakin cikakken ƙarfin murɗawarsa. A gasar Formula E ma, ta tseren motoci masu lantarki, da aka fara a 2014 da giya biyar, ƙungiyoyi sun yi ta ragewa har yawancinsu suka tsaya a ɗaya. Kowace giya ƙarin nauyi ce, kuma ƙarin abin da zai iya lalacewa ana tsakiyar tsere.

Aikin yana wajen lissafi. A ce zagayen tayarku mita 1.5 ne, kuna son kilomita 120 a awa. Wato mita 2,000 ke nan a minti, taya za ta juya kusan sau 1,333. Raba 12,000 da wannan, ka samu 9. Injin ya juya sau tara, taya sau ɗaya.

Amma fa in da sarƙa za ku haɗa injin da taya, da wuya sarƙa guda ta yi wannan ragin juyi a mataki ɗaya, faifan haƙoran da ke jikin tayar baya zai yi girma sosai. Ku raba ragin mataki biyu, 3 sau 3. Idan filin tseren mai yawan kwana ne, ku ɗan ƙara ragin don motar ta riƙa zabura da wuri.