Na gama littafina, in aika Kano a buga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar lakwal ce a nan Maradi. Shekara biyu ina rubuta wani labari a kaye, wato littafin rubutu, yanzu na kwafe shi a waya, ya kai shafi 160. Na ɗauki adashi, ina da jaka 300 a hannu. Wasu sun ce in ba yayana mai zuwa Kano ya kai a buga mini kwafi 1,000, wai can ya fi sauƙi. Ƙawata kuma ta ce Hausata ta Maradi ce, ƴan Najeriya ba za su saya ba sai na mayar da ita Kananci. Da wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa wa alƙalami albarka. Ki ƙulle kuɗin adashin nan tukuna, domin abin da ke hannunki rubutun farko ne, bai zama littafi ba. Kada ranki ya ɓaci. Duk wanda ya taɓa rubuta "ƙarshe" a ƙasan shafi ya san daɗin da ake ji, kuma daɗin nan ne ke kai mutum maɗaba'a da wuri.

Ki ajiye shi wata guda ba ki leƙa ba. Bayan nan ki fitar da shi a takarda, ki sami mutum uku ko huɗu waɗanda ba sa jin nauyinki, ki karanta musu da baki. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi. Ki lura da fuskokinsu kawai. Inda wata ta jawo waya ta fara latsawa, ki ja layi. Inda numfashinki ya ƙare jimla ba ta ƙare ba, ki ja layi. Inda aka tare ki da "wai wa ke magana a nan?" nan ma ki ja. Sau da yawa za ki tarar labarin bai tashi ba sai a babi na biyu ko na uku, na farkon duk siffanta kyan yarinya ne da girman gidan ubanta. Ki cire shi, ko da kin fi son sa.

Maganar ƙawarki kuwa, rabinta gaskiya ce. Akwai karin harshe, akwai kuma ƙa'idar rubutu, ita ta haɗa su wuri ɗaya. Ƙa'ida ba ta da sassauci. "Yana" a haɗe take, "ya ce" a rabe, "gidansu" a haɗe. "Ba ta zo ba" daban, "ɓata" daban. Wanda ya bar lanƙwasar ƙ ya rubuta "karya" a wurin "ƙarya" ya zagi mutum bai sani ba. Wannan duk ɗaya ne a Maradi da Kano da Zariya, an ma yi zama a Yamai a 1980 domin daidaita rubutun ƙasashen biyu. Bambancin da ido zai fi gani shi ne mu muna rubuta ƴ, su kuma 'y. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai daga bango zuwa bango.

Amma kari naki ne. Shawarata, muryar mai ba da labari ta bi daidaitacciyar Hausa domin kowa ya bi ki, mutanen cikin labarin kuma ki bar su su yi magana yadda Allah ya yi su. Tsohuwar Tibiri da ta buɗe baki ta ce "zan tafi asibiti" ba tsohuwar Tibiri ba ce. Bar ta ta ce za ta tahi likita. Yaro ya ce mushe ya kore shi daga lakwal, ɗan kabu-kabu ya nemi dala arba'in. Mai karatu a Kano zai gane daga yanayin zancen, in kuma kalmar ta yi nisa sai jimlar da ke biye ta warware ta, ba sai kin buɗe baka kina fassara ba.

Ni a ganina ma nan ne jarinki yake. Tun shekarun 1980 Kano ke fitar da littattafan soyayya, kasuwar ta cika ta batse. In kin shiga da kwaikwayon muryarsu, kin zama ta dubu da ɗaya a layi. Amma wa zai rubuta gidan Alhajin Maradi da ya tashi daga awon gyaɗa ya kai ga manyan motoci, da abin da dukiyar ta yi wa matansa? Wa zai rubuta zaman fada da dare ana dafa shayi, ko dangin da rabinsu ke Jibiya rabi Dan Isa, ko kakar da har yanzu take lissafin shekarunta daga ambaliyar 1945 da ta sa gari ya bar bakin gulbi ya hau tudu? Abubakar Imam kansa yana koyarwa a Katsina ya shiga gasar rubutu ta 1933, ga Katsina kuwa nan kusa da mu, tushenmu ɗaya. Yanzu kuma da dokar ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, ina kyautata zaton za a ƙara neman abin karantawa da aka rubuta a gida.

Sai batun bugu. Dalilin da ya sa ake ce miki dubu shi ne babban inji sai an yi masa fileti, wato farantin ƙarfe da ake ɗora hoton shafukan a kai, kuma kuɗin fileti ɗaya ne ko kwafi 100 za a buga ko 1,000, saboda haka yawa ke karya farashin kowane kwafi. Gaskiya ne. Sai dai arahar tana aiki ne in littafin ya sayu. Ni na yi wannan gangancin da littafina na farko. Na aika, ban je ba. Da kwalaye suka iso na buɗe, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai ɗan akwati fanko, domin samfurin harafin da ke kwamfutar maɗaba'ar bai san su ba. Kwalayen sun shekara uku a ƙarƙashin gado, gara ta ci rabonta, uwargida ta kunna wuta da saura. Zuwa da kai ya fi aike, kuma yayanki, Allah ya saka masa, ba zai zauna ya duba lanƙwasa ba.

Don haka ki fara da kwafi 50 ko 100 a ƙaramin inji mai bugawa kai tsaye daga kwamfuta. Kowane kwafi zai fi tsada, amma asarar da za ki iya yi ƙarama ce, kuma kurakuran da masu karatu za su nuna miki sai ki gyara kafin babban bugu. Ki ba su aikin a PDF domin haruffa su zauna yadda kika tsara. Ki ce sai an fitar miki da kwafin gwaji guda, ki karanta shi tsaf, ki sa hannu, sannan a ci gaba. Shafi 160 ya yi daidai, tunda ana naɗe takarda ne shafi goma sha shida-shida. In ranar zuwa Kano ta zo, ki lissafa da kuɗin mota da canjin sefa da naira, ki kuma tuna watannin da iyaka ta yi a rufe daga 2023.

Daga jaka 300 ɗin, kason farko na mai gyara ne, wanda ya san ƙa'idar rubutu da gaske, ba wanda ya iya Hausa kawai ba. Na biyu na mai zanen bango. Kada ki ɗauko hoton wata ƴar fim a intanet ki manna, rigima ce kike saya.

Kafin littafin ya fito kina iya sakin babi biyu ko uku a WhatsApp ko Wattpad, dandalin saka labarai a intanet, ki ji bakin mutane. Kada ki saki duka. Abin da ya shiga waya ɗaya ya shiga dubu, wata rana sai ki ji ana karanta shi a YouTube an cire sunanki. Ki yi rajistarsa a ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, ki kuma adana kayen nan na farko da kika rubuta da hannu. Ki gwada gajeren labari ma, gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ta mata ce, kuma ƙayyade kalmomi zai koya miki yanka.

In kwafin sun fito, masu sayar da littattafai a kasuwa yawanci ajiya suke karɓa, sai sun sayar su biya. Kada ki ba mutum ɗaya fiye da goma a karon farko. Ki rubuta adadi da farashi da rana a kaye, shi ma ya sa hannu a gabanki.