Amsar Baffa a kan lambar nan 0.85

Ɗana,

Saƙonka ya iso jiya bayan la'asar. Muna lafiya nan Unguwar Rimi, mutanen gida suna gaishe ka. Ka ce malaminka na kimiyyar nukiliya ya sa ka ninka igiyar niyutiron (lissafin da ke nuna inda za a iya samun wannan ɗan ƙwayar marar caji) da gyaran Perey, wato gyaran da masani Perey ya kawo, ka sa 0.85, da ka nemi dalili sai ya ce haka aka saba yi. Kana tambaya ko al'ada ce kawai. Al'ada ce, ni ma na bi ta har na yi ritaya, amma tana da tushe.

Idan niyutiron ya doshi cibiyar ƙwayar zarra, lissafi mafi sauƙi shi ne a ce ƙarfin da yake ji ya danganta ga inda yake tsaye kaɗai. Ba haka abin yake ba. Tsaya a bakin Masallacin Sultan Bello ranar Juma'a, kowa da farar riga da hula iri ɗaya. Wani ya shiga ta wannan ƙofa, can sai ka ga wani ya fito ta waccan. Shi ne ko wani? Mutane dai in ka matsa za ka gane fuska. Niyutiron ba shi da fuska, babu abin da ya raba shi da 'yan'uwansa na ciki, kuma dokar Pauli, wadda ta hana niyutiron biyu zama a hali ɗaya, ta tilasta a lissafa wannan musanya. To ka ga abin da ke faruwa a nan ya rataya da yadda igiyar take a can. Dalili na biyu shi ne wanda masani Feshbach ya fayyace a 1958: niyutiron yana iya girgiza cibiyar a wani wuri, ya miƙa mata kuzarinsa, sannan ya karɓe shi a wani wurin daban.

A 1962 Perey da Buck, a Oak Ridge ta Amurka, suka rubuta ƙarfi mai irin wannan miƙa hannu daga nan zuwa can, tsawon hannun femtomita 0.85 (femtomita shi ne ma'aunin tsawo na cikin cibiya). Sun daidaita shi da gwajin niyutiron a kan dalma a kuzarin MeV 7 da 14.5 (MeV ma'aunin kuzari ne), sai ga shi yana aiki a kan wasu cibiyoyin ba tare da an canza lambobinsa da kuzari ba. Wannan ya burge ni ƙwarai lokacin da na fara karanta shi. Duba ƙarfin da Becchetti da Greenlees suka rubuta a 1969, mai tsayawa wuri guda: zurfinsa yana raguwa da 0.32 a kan kowane MeV. Yawancin wannan ragin miƙa hannun ne aka ɓoye a ciki.

To me ya hana kowa bin Perey da Buck kai tsaye? Kwamfuta. Mu a zamaninmu a kati muke huda Fortran, yaren kwamfuta, ka ɗaure da roba ka kai, ka dawo gobe, wani lokaci waƙafi ɗaya ya ɓata maka kwana. Shi ya sa aka nemi yanke: a yi lissafi da na wuri guda, wanda a wajen cibiya yake ba da watsuwar niyutiron iri ɗaya, sannan a gyara ciki. Perey ya lura a 1963 cewa igiyar gaskiya ta fi ƙanƙanta a cikin cibiya, da kusan kashi 15 cikin ɗari. Gyaran da kake ninkawa ke nan. Diyutiron kuma, wato furoton (ɗan ƙwaya mai caji) da niyutiron a haɗe, 0.54 ake sa masa, kada ka haɗa su.

Inda nake so ka buɗe ido: in watsuwa zalla kake lissafawa, wadda cibiya ba ta canzawa, gyaran ba ya ƙara maka komai. In kuwa diyutiron ne zai ajiye niyutiron a ciki furoton ya wuce, to ciki ne ke magana. A 2014 Titus da Nunes na jami'ar jihar Michigan sun warware lissafin gaba ɗaya, suka kwatanta da gyaran, suka ga yana rage kuskure amma ba ya share shi, musamman a gefen cibiya.

Kada ka je ka yi wa malaminka gardama a gaban aji, bai faɗi ƙarya ba. Yi yadda ya ce, sannan ka sake yi da cikakken lissafin, ka kai masa zane biyun ofis cikin ladabi. Kwamfutar da ke jakarka za ta iya. Ranar Asabar in ka fito daga Kawo ka biyo da ita, tsofaffin takarduna suna nan cikin akwati, mu zauna mu duba tare.

Baffanka