Tanadin Abincin Gida a Shekarar Ƙaranci: Amsoshin Tambayoyin Manoma

Tambaya: Mu takwas ne a gidana, kuma ana ta raɗe-raɗin cewa abinci zai yi ƙaranci. Hatsi nawa zan keɓe kafin in kai saura kasuwa?

Amsa: Malam, bar raɗe-raɗin tukuna, ka fara ƙirga bakunan da ke ci a gidanka. Hukumomin agaji na duniya suna lissafin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 2,100 ga kowane mutum a rana, abin da yakan kama hatsi giram 400 zuwa 450, da wake kimanin giram 50, da ɗan mai da gishiri. Idan ka ɗauki giram 400, mutum guda zai ci kilo 12 a wata, ku takwas kuma kilo 96. Ka ce kilo 100. Yara ba su cin haka, amma mai wuni a gona da fartanya ya fi haka ci, sai lissafin ya daidaita.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ƙirga watanni. Mutum yakan lissafa zuwa faɗuwar ruwan farko, alhali sabon hatsi ba zai shigo gida ba sai bayan wata uku ko huɗu, kuma a lokacin ne aiki ya fi yawa, kasuwa ta fi tsada. Ka ƙirga daga yau har zuwa girbi mai zuwa, ka ɗora wata guda ko biyu saboda damina kan yi jinkiri. Ka kuma ƙara wani abu saboda dusar da za ta fita wajen surfe. Iri kuwa ba ya cikin wannan lissafi; a ware shi daban, a rubuta a jikin buhun, don kada wata rana a wayi gari an kai shi niƙa. Abin da ya rage bayan wannan shi ne na sayarwa. Idan bashi ya matsa, gara ka sayar da dabba ko amfanin da ka noma don kuɗi, da ka sayar da abincinka da araha lokacin kaka ka dawo kana sayensa da tsada a tsakiyar damina.

Tambaya: Masarar da na ajiye bara ta yi fumfuna a tsakiyar buhu, ga wari. Me ya jawo, kuma za a iya wankewa a ci?

Amsa: Laima ce. Masara da dawa ba su ajiyuwa lafiya sai danshin da ke cikin ƙwayar ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa da haka, gyaɗar da aka ɓare kuma sai ta kai kashi 7 zuwa 8. Ƙwaya takan yi kamar ta bushe a hannu alhali cikinta da saura. Da an ɗure ta a buhu sai ta fara numfashi, ta yi zafi, zafin ya tara gumi, fumfuna ta samu wurin zama.

Idan ba ka da na'urar awon danshi, akwai gwajin gishiri. Ka samu kwalba busasshiya, ka zuba hatsin kamar sulusinta, ka sa cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe ƙarau, ka rufe, ka girgiza na minti guda, ka ajiye ta kamar kwata na awa, ka sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi shanya. A shanya a kan tamfol ko daɓe mai tsabta, ba a kan ƙasa ba, a riƙa juyawa, a kwashe kafin raɓa ta sauka. Sannan a bar shi ya huce a inuwa kafin a ɗure.

Batun ci kuwa, a'a, ban ba ka wannan shawara ba. Wata fumfuna da masana ke kira Aspergillus tana fitar da gubar afalatoksin, wadda wanki ba ya fitar da ita, dahuwa ma ba ta kashe ta. Hanta take kamawa, kuma cin ta kaɗan-kaɗan tsawon shekaru yana jawo sankarar hanta. A shekarar 2004, a gabashin Kenya, mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu, saboda masarar da aka ajiye da danshinta. Yawancinta masarar da mutane suka noma da hannunsu ce. Kada kuma a ce bari a ba dabbobi: kaji ba su jure ta, saniya kuwa takan fitar da ita cikin madarar da yara za su sha. A binne masarar ko a ƙone.

Tambaya: Ni mace ce mai noman wake. Ko wata uku ba ya yi sai ƙwari su huda shi. An ce in jefa ƙwayar maganin ƙwari ta Phostoxin cikin buhu in ajiye a ɗaki.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ƙwayar tana sakin iskar fosfin mai guba da zarar ta haɗu da laimar iska, kuma buhun saƙa ba ya riƙe ta. Takan ratsa ɗaki, har ta shiga na kusa, an kuma sha rasa iyalai cikin barci ta wannan hanya. Aikin ƙwararru ce a rumbun da babu mai kwana kusa da shi.

Ki sani cewa ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, ƙwansa na manne a jikin ƙwaya, tsutsar na ci daga ciki. Abin da ke gamawa da shi ba tare da guba ba shi ne hana shi iska. Buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, ledoji biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. Ana cika shi, a matse iskar, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da kansu za su shanye ɗan iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Jarka ko ganga mai murfin da ke rufuwa gam ita ma tana wannan aiki, muddin an cika ta har baki. Sharuɗɗan dai biyu ne: waken ya bushe sosai, kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗiba. Ki ware na cin wata guda a wani mazubi, ki bar manyan a rufe. Kafin ki zuba, ki hura iska cikin ledar ki ga ko tana da huda, domin huda kamar ta allura ta isa ta ɓata aikin. A ɗora buhunan a kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango, a share wurin, saboda ɓera ba ya jin ƙanshin hatsi ta cikin ledar amma zai bi wanda ya zube a ƙasa.

Tambaya: Shinkafa ba na nomawa, saya nake. In ci bashi in sayi ta shekara guda tun yanzu?

Amsa: Kada ka ci bashi don tsoro. Tsakanin ƙarshen 2007 da tsakiyar 2008 farashin shinkafa a kasuwar duniya ya ninka kusan sau uku, alhali noman shinkafar duniya bai ragu ba a shekarar. Indiya da Biyetnam suka taƙaita fitarwa, Filifin ta shiga saye da yawa, 'yan kasuwa da magidanta kowa ya kama ɓoyewa, sai rububin ya zama shi ne ƙarancin. Da hankula suka kwanta farashin ya sauko, waɗanda suka saya a ƙololuwar tsada suka kwana ciki. Ka riƙa ƙara ɗan abu a kan sayayyarka ta kullum har ka tara na wata biyu ko uku, ka riƙa cin tsohon kana ajiye sabon a baya. Farar shinkafa tana jure ajiya. Wadda ba a goge ba tana da mai a jikinta, cikin 'yan watanni takan canza ɗanɗano.

Tambaya: In niƙa hatsin gaba ɗaya in huta?

Amsa: A'a. Ƙwaya mai ɓawonta tana iya shekara, gari kuwa yana jan laima, man da ke cikinsa ya yi maƙaƙi, tsutsa ta shiga. A niƙa na mako biyu ko uku. Man girki ma kada a tara wanda ya wuce na 'yan watanni, a ajiye shi a rufe, nesa da rana da murhu. Gishiri da sukari ne kawai za ka saya da yawa ba fargaba, in dai ruwa bai taɓa su ba.