Shin sai na sayi manhaja kafin in yi wa kowane memban enum bayani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta manhajar karɓar kuɗin makaranta da yaren Python a Kubwa, Abuja. Na yi enum, wato jerin sunaye tsayayyu, mai membobi uku, JIRA, AN_BIYA da AN_MAYAR, amma duk lokacin da na nemi bayanin memba ɗaya sai bayanin jerin gaba ɗaya ya fito. Abokin aikina ya ce in biya kuɗin PyCharm na ƙwararru, manhajar da ake rubuta Python a cikinta. Ya dace in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka fitar da kuɗinka saboda wannan, musamman da yake kuɗin waje ake biya, domin matsalar daga tsarin Python kansa take. Tun da aka shigar da enum cikin yaren a siga ta 3.4 a shekarar 2014, memba ba shi da bayani na kansa, na jerin yake gada. A yaren Java, wanda ya samu enum tun 2004, ana rubuta sharhin Javadoc a saman kowane memba, haka kuma a yaren Rust da alamar ///, wataƙila can abokin naka ya saba gani.

Idan masu karanta rubutun manhajar kake son su amfana, Sphinx, mai haɗa takardun bayanin manhaja, ya ishe ka, kuma kyauta ne. Ka rubuta sharhi mai farawa da #: a layin da ke saman memba, sashensa na autodoc zai ɗauke shi ya sa a takardun bayani. Amma wannan sharhi ba ya nan yayin da manhaja ke aiki, saboda haka idan kana so bayanin ya fito a rasiɗin iyaye ko a allon mai karɓar kuɗi, sai ka ba kowane memba ƙima da jimlar bayani tare, ka rubuta __new__, wato aikin da ke ƙirƙirar kowane memba, da zai ajiye jimlar a __doc__ na memban, inda Python ke ajiye bayani.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da za ka rubuta. Cewa AN_BIYA na nufin an biya ɓata lokaci ne. Ka faɗi ko biyan rabi yana shiga ciki, ka faɗi ko JIRA na nufin banki bai tabbatar da tiransifa ba ne ko kuwa uba bai turo komai ba tukuna, domin a irin wannan ruɗani ne ake korar yaron da aka riga aka biya masa. Ga AN_MAYAR kuwa, ka rubuta wanda ke da ikon mayar da kuɗin, da kuma ko memban zai iya komawa JIRA.